Gyara kan batun jirgin ruwa mai jigo marar waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi tsokaci kan rubutun da ya fito a shafinku game da jiragen ruwa masu tafiya da iska, musamman wurin da marubucin ya taɓo jirgin da jigonsa ke tsaye shi kaɗai, babu wayar da ke riƙe da shi. Ya faɗi abu biyu. Na farko, wai irin wannan jigo ba ya buƙatar kulawa tunda babu wayar da za ta tsinke. Na biyu, wai bai dace da doguwar tafiya a teku ba. Duka biyun suna buƙatar gyara, amma na farkon ya fi damunmu, don shi ne ke iya jefa mai jirgi cikin asara.

Jigo shi ne doguwar sandar da ake rataya filafili a jikinta, filafili kuwa shi ne ƙyallen da ke kama iska. A yawancin jiragen yawo matsakaita, masu tsawon mita 9 zuwa 12, jigon siriri ne, wayoyin ƙarfe ne ke janyo shi ta gaba da baya da gefe biyu. Wayoyin nan suna danna shi ƙasa da ƙarfin tan-tan, kuma tsayuwarsa ta dogara ga ƙananan abubuwa masu yawa: kan waya, fil, noti, farantin da aka ɗaure wayar a jikin jirgi. Ɗaya ya karye, jigo ya kwanta. Shi ya sa kamfanonin inshora da dama ke neman a sauya wayoyin bayan kimanin shekara 10. Jigo marar waya ya rabu da wannan duka, gaskiya ne. Sai dai ƙarfin iskar bai je ko'ina ba. Ya tattaru a wuri biyu: wuyan da jigon ya ratsa daɓen jirgi (wato rufin jirgin da ake takawa a kai), da turmin da gindinsa ke zaune a ciki a ƙasa.

Ga lissafi na misali. A ce jirgi mai nauyin tan 5 ne, iska tana tura filafilinsa gefe da ƙarfin kilo 500, tsakiyar wannan turi kuma tana mita 4.5 sama da daɓe. Daga daɓe zuwa turmi mita 1.5 ne. Tazarar sama ta ninka ta ƙasa sau uku ke nan, don haka turmi zai ɗauki kilo 1,500, wuya kuma ya ɗauki kilo 2,000. Masu zana jirgi suna ninka irin wannan adadi kusan sau uku saboda dukan igiyar ruwa da fizgar iska. A nan ma ake ganin dalilin da ya sa ba a son abin da ya shige cikin jirgi ya gaza kashi ɗaya cikin goma na tsawon jigon: yadda ya gajarta, haka nauyin da ke kan wuya da turmi ke hauhawa. A nan ne kuma dalilin kaurin jigon. A jirgi matsakaici faɗinsa wajen daɓe yakan kai santimita 25 ko fiye, yana sirancewa zuwa sama kamar sandar fatsa. Bututu idan aka ninka faɗinsa ba tare da an taɓa kaurin bangonsa ba, ƙarfinsa kan ninka sau huɗu, taurinsa sau takwas.

Kan maganar cewa bai dace da teku ba, ba za mu daɗe ba. A 1960 Blondie Hasler ya ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai daga Ingila zuwa Amurka a Jester, jirgi mai tsawon mita 7.6 da jigo marar waya da filafili irin na jiragen Sin, ya zo na biyu a tseren masu ƙetarewa su kaɗai, cikin kwana 48. Tun ƙarshen shekarun 1970 jiragen Freedom da Garry Hoyt ya kafa kamfaninsu a Amurka suke yawo a tekuna, yawancinsu da jigon zaren kabon. A Kanada kuma Mark Ellis ya zana Nonsuch 30, aka fara ƙera shi a 1978, jigo ɗaya can gaba da filafili ɗaya mai faɗin kusan murabba'in mita 50, aka yi ɗaruruwa. Shi dai Nonsuch don yawon gaɓa aka tsara shi, kuma ba jigonsa ne ya jawo haka ba, faɗin cikinsa ne da girman wurin zaman matuƙi. Jirgi gaba ɗaya ake dubawa kafin a ce zai iya teku ko ba zai iya ba.

Wanda ya mallaki irin wannan jirgi, ko yake shirin saye, wuyan daɓe ne farkon abin dubawa. Tsakanin jigo da wuya akwai rata da ake cikewa da weji (guntun abin cusawa mai siririn baki) na katako mai tauri, ko zoben roba mai ƙarfi, ko ruwan danƙo mai haɗi biyu da ake zubawa ya daskare, irin su Spartite. Abin da ake so shi ne jigon ya jingina daidai ta kowane gefe. Weji ɗaya ya zame, sai nauyin ya koma kan wuri ɗan ƙanƙani, jigo ya riƙa motsi yana cin jikinsa. Alamarsa ƙara ce: duk lokacin da jirgi ya juya za ka ji wani "ƙwas" daga cikin ɗaki kamar an buga guduma. Ka ɗaga rigar robar da ke rufe wuyan, za ka tarar da baƙin gari ko toka-toka a kan weji. Garin nan jikin jigon ne. Idan danƙo za a zuba, a shafa bazilin a cikin wuya tukuna, a toshe ƙasa da soso da yumɓun roba, a tabbata jigon yana tsakiya kafin a zuba. Wanda ya manta bazilin ya haɗe jigo da jirgi, ranar cirewa zai gane kurensa.

Daɓen da ke kewaye da wuya ma yana da nasa ciwon. A jirage da yawa daɓe fallen faiba biyu ne da balsa, wani katako marar nauyi, a tsakiya. Rigar wuya ta tsage, ruwa ya riƙa shiga ta ramin noti, balsa ya ruɓe, daɓen da ya kamata ya tare tan biyu ya koma laushi. Ka bi wurin da ƙaramar gudumar roba. Inda yake lafiya sautin tsaf yake fita, inda ya ruɓe kuwa dum-dum. Tsagar da ta fito daga wuya tana bazuwa kamar ƙafar gizo, ko bangon ɗaki da ya rabu da jikin jirgi a kusa da jigo, ba ado ba ne da za a shafe da fenti.

A sauka ƙasa wajen turmi da tocila. Dole gindin jigo ya zauna cif, kuma a sami fil ko noti da ke hana shi juyawa ko tsalle idan jirgi ya faɗa ramin igiyar ruwa. A jigo mai waya, wayoyin ne ke danne shi. A nan babu mai danne shi sai nauyinsa da wannan fil. Ramin fil da ya zama kamar ƙwai maimakon da'ira yana nuna an daɗe ana motsi. A duba ƙofar da ruwa ke fita, don ruwan sama yana shiga ta kan jigo ya taru a gindi, turmin alminiyam da ya kwana cikin ruwan gishiri kuwa fari yake yi yana marmashewa.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a huda jigo kusa da daɓe. Nan ne lanƙwasa ta fi tsanani, rami ɗan ƙarami yana tara ƙarfi a bakinsa har ninki uku. Jigon alminiyam gajiya yake yi. Yana lanƙwasa yana miƙewa dubban ɗaruruwan lokuta, tsaga ta fara daga bakin rami siririya kamar gashi, ta bi kewaye a hankali har ranar da za ta gama. Akwai ruwan rini na musamman da ake fesawa ya shiga tsaga ya nuna ta, kuma a ganinmu duk tsohon jigon alminiyam ya cancanci a yi masa wannan gwaji a wuya, da wurin da aka haɗa gaɓa biyu, da kowane rami da ke ƙasa-ƙasa. Kabon ba ya gajiya da sauri haka, amma shi ma da nasa halin. Bugu ɗaya mai ƙarfi, ko matsa shi da noti fiye da kima, yana raba fallayensa daga ciki alhali waje sumul. Rana tana cin danƙon ifoksi da ke riƙe zaren, don haka fentin jigo kariya ce, kuma fari ya fi baƙi tunda baƙi yana tara zafi. Sannan kabon da alminiyam ba sa ga maciji idan akwai ruwan gishiri tsakaninsu: alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Duk abin da za a ɗaura a jikin jigon kabon a raba su da leda ko man raba ƙarfe, ribit kuma ya zama na monel (gaurayen nikel da tagulla) ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Hanya mafi sauƙi ga na'urar hangen jirage ko fitila ita ce a manna mazauninta da ifoksi ko a ɗaure da zobe, a bar huda.

Tsofaffin jigunan kabon sukan nuna tsage-tsage masu kewaye jiki kamar zobe. Sau da yawa a fenti ne kawai da abin da aka shafe jiki da shi, tunda waɗannan ba sa lanƙwasa kamar zaren ciki. Amma ido ba ya raba tsagar fenti da ta ƙashi. Sai an kankare wuri ɗaya an ga zurfinta, ko a kira mai na'urar da ke leƙa ciki da sauti ko da zafi. Haka nan idan akwai zargin tsawa ta taɓa faɗa wa jirgin. Kabon yana ɗaukar lantarki amma ba sosai ba, sai ya yi zafi ya ƙona danƙon da ke cikinsa, jigon ya ci gaba da tsayuwa kamar lafiyarsa ƙalau. Kariyar da aka saba yi ita ce sandar ƙarfe a kan jigo da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 21 ko fiye, ta sauka miƙe ba kwana-kwana zuwa ƙarfen da ke ƙarƙashin jirgi cikin ruwa. Mai saye ya tambayi tarihin tsawa kafin ya tambayi shekarun inji. Inji ana samunsa a ko'ina, jigon kabon kuwa sai an ƙera maka naka.

Wajen tuƙi, wanda ya saba da jirgi mai waya sai ya sake koyo. Abin da ya fi ba sabon shiga tsoro shi ne ya ɗaga kai ya ga kan jigo ya karkata. Aikinsa ke nan. Iska ta fizga, kan jigo ya ba da kai, saman filafili ya buɗe ya zubar da rarar iska, jirgi ya ɗan kwanta ya miƙe. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan igiyar filafili har sandar da ke riƙe ƙasan filafili ta zo tsakiyar jirgi, kamar yadda ake yi idan akwai ƙaramin filafili a gaba. Jirgi mai filafili ɗaya ba ya son haka. Ka ja shi tsakiya, zai kwanta, ya rage gudu, ya riƙa zamewa gefe kamar kaguwa. Bakin sandar ya tsaya wajen kusurwar bayan jirgi, a bar shi ya sami gudu tukuna sannan a nemi kusantar iska. Ko da an yi daidai, ba zai fuskanci iska kamar jirgin tsere ba, don kaurin jigo yana dagula iskar da ke shiga gaban filafili. Jiragen Freedom na farko sun magance wannan da filafili mai falle biyu da ke naɗe jigon, amma nauyinsa da wahalar rage shi suka sa aka koma filafili mai bin layin dogo a jikin jigo, da haƙarƙari, wato siraran sanduna da ake cusawa cikin ƙyallen, daga gaba har baya. A iska mai rauni da ruwa mai tsalle-tsalle, gaskiya jirgin nan ba ya sauri, mutane da yawa inji suke tayarwa.

Inda yake rama wa kansa shi ne idan iska ta dawo gefe ko baya. Babu wayar da za ta tare sanda, sai a sake ta har ta yi daidai da faɗin jirgi, filafilin duka yana aiki, ba ya gogar komai. Tunda babu wayar baya, ana yanka shi da faɗi a sama inda iska ta fi ƙarfi. Amma a ƙulla ƙulli a ƙarshen igiya yadda sandar ba za ta wuce gaban jigo sosai ba, in ba haka ba filafili zai murɗe layin dogo ya fizge ribit. Ga kuma tarkon tafiya da iska a baya: jirgi yana tafiya tsaye, ba ka jin ƙarfin iskar, sai ka juyo ka tarar kana ɗauke da filafilin da ya fi ƙarfinka. Turin iska yana ninka sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu. Yawancin waɗannan jirage suna son ragi na farko, wato a rage faɗin filafili, idan iska ta kai kilomita 28 zuwa 33 a awa, na biyu wajen 40 zuwa 45. Sitiyari ne ke fara faɗa maka: idan kana kokawa da shi don hana jirgi juyawa cikin iska, ka riga ka makara.

Ga jirgin da sandarsa baka biyu ce da suka rungumi filafili, irin ta Nonsuch, akwai igiyar da ke jan gaban bakan zuwa jikin jigo. Ka ja ta, sandar ta koma baya, filafili ya miƙe ya rage ciki don iska mai ƙarfi. Ka sake ta, ya yi tumbi don iska mai rauni. Ragi yana da tsari, kuma tsallake mataki ɗaya ke yaga ƙyalle. A sassauta igiyar filafili har ya fara kaɗawa, a sassauta igiyar baka, a ɗan ɗaga bayan sanda. A sauke igiyar ɗagawa, wadda ke ɗaga filafili sama, zuwa alamar da aka riga aka yi mata da fenti ko zare. A ja igiyar ragi ta gaba ta zauna, a sake ɗaure igiyar ɗagawa tam, sannan a ja igiyar ragi ta baya. Wanda ya fara da ta baya yana jan filafili nesa da jigo, ƙananan maƙalan da ke bin layin dogo su karye ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a saki bayan sanda, a gyara igiyar baka, a ja filafili. Duka ana yi daga wurin zaman matuƙi, abin da ke da muhimmanci, domin gaban jirgin nan babu wayar da mutum zai kama idan ya zame. A shimfiɗa ɗamarar tsaro daga baya zuwa gaba, a ƙara maƙamai a kan rufin ɗaki.

Juyawa ta goshi, wato hancin jirgi ya ratsa inda iska ke fitowa, ba ta da wahala, sitiyari kawai ake murzawa. Sai dai idan gudu ya gaza jirgi yakan tsaya cak yana fuskantar iska, kuma babu filafilin gaba da zai tura hancinsa. A saki igiya gaba ɗaya, a bar shi ya fara ja da baya, a juya sitiyari akasin yadda aka saba har ya faɗa gefe. Juyawa ta baya, wato bayan jirgi ya ratsa inda iska ke fitowa, ita ce mai haɗari. Filafili mai murabba'in mita 50 yana tsallakawa da igiya mai tsawon mitoci da yawa, igiyar tana share duk abin da ta tarar, hula, sitiyari, wuyan mutum. Ko dai a janyo ta tsakiya kafin a juya sannan a sake ta da sauri, ko kuma idan iska ta yi ƙarfi a haƙura a zagaya ta goshi. Babu abin kunya a ciki. Jirgi mai jigo biyu ya fi sauƙi a nan tunda an raba filafilin gida biyu, kuma shi ke iya tsayawa ya huta a tsakiyar teku da filafilin baya kaɗai, abin da mai jigo ɗaya ba ya yi da kyau. Mai niyyar tafiya mai nisa ya sa a yi masa ragi na uku mai zurfi.

Akwai ƙananan abubuwan ban haushi da ba a faɗa wa mai saye. A kan anka, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, jirgin ba ya zama wuri ɗaya, kaurin jigo a gaba yana kama iska ya riƙa kai shi dama da hagu. Ɗan filafili a can baya ko igiya mai reshe biyu a hanci na rage wannan. Nauyin jigo a goshi yana sa shi sukuwa, don haka kada a ƙara masa tulin sarƙa a wurin. A tasha, iska mai tsayayyen gudu kan sa jigon rawa har jirgi duka ya ɗauka. A naɗa igiya a jikinsa kamar macijiya daga sama zuwa ƙasa, rawar za ta tsaya. Wayoyin lantarki da ke cikin wannan ƙaton bututu suna bugun bango dare da rana idan ba a sa su cikin kwaroro ba, ko a ɗaure su da maɗaurin roba uku-uku da jelarsu a baje kowane rabin mita. Kuma a tabbata akwai igiyar ɗagawa ta biyu a kan jigo, don ranar da ta farko ta tsinke babu wata hanyar hawa.

Shawararmu ita ce a cire jigon duk bayan 'yan shekaru a kwantar da shi a duba, tunda wurin da ya fi wahala shi ne wanda wuya ke ɓoyewa. A yi alama a kan weji kafin a cire su don kowanne ya koma gurbinsa. A zare fil ɗin gindi, a raba wayoyin lantarki. Tsakiyar nauyin wannan jigo tana ƙasa da rabinsa, kuma ba shi da hannuwan gefe da ɗamara za ta maƙale, don haka a ɗaura ɗamarar ƙyalle mai faɗi sama da tsakiyar nauyi, a riƙe ta da igiya zuwa gindi don kada ta zame sama. Sarƙa ko waya kada su taɓa kabon. Idan mai kiren, wato injin ɗaga kaya, ya ja jigon bai motsa ba, a dakatar da shi nan take: wani abu ne ya riƙe, ƙara ƙarfi kuwa daɓen zai ɗaga. A sassauta, a girgiza jigon gefe da gefe, a zuba ruwan sabulu a wuya, a sake gwadawa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wasu masu karatu, ma'aikatan gyara da tuƙin jiragen filafili